IYAYENMU DA YAƘIN BASASA, 1967 ZUWA 1970: ABIN TUNAWA A RANAR JUBILI

Gabatarwa

Muna yi wa Allah godiya wanda ya kiyaye wannan ikkilisiya har ta cika shekara hamsin. A wasu shafuffukan littafin nan za ku sami jerin fastocin da suka yi hidima a nan, da tarihin ginin majami'a, da na zumuntar mata, da na ƙungiyar mawaƙa. Mu kuwa an ɗora mana wani sashe mai nauyi, wato labarin iyayenmu da suka je yaƙin basasar Nijeriya.

Kowa ya sani yawancin mazan da suka kafa ikkilisiyar nan 'yan mazan jiya ne. Sa'ad da kwamitin jubili ya zauna, wani dattijo ya kawo shawara a sassaƙa sunayensu da muƙamansu a kan allon dutse, a manna a bangon majami'a, a kuma rubuta cewa su ne suka yi yaƙi domin Nijeriya ta zauna ɗaya. Kowa ya yi na'am. Sai wata 'yar'uwa daga zumuntar mata ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, mahaifina ma yana cikin waɗanda suka kafa wurin nan, shi ya yi mana bencina na fari da hannunsa. Shi ma ya je yaƙin, amma a wancan gefe. Za a sa sunansa?" Ɗaki ya yi tsit. Daga nan gardama ta tashi a kan mafarin yaƙin da wanda ke da laifi, har sai da muka yi zama uku a kan wannan magana kaɗai.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Saboda haka muka ga ya kamata mu rubuta abin da ya faru daki-daki, domin 'ya'yanmu da jikokinmu da ba su ga zamanin ba.

Su wane ne iyayen nan?

Kafin yaƙin, sojojin Nijeriya duka ba su wuce kimanin 10,000 ba. Sa'ad da aka gama, sun kai wajen 250,000. Wannan ƙari duka daga gonaki da makarantu da kasuwanni aka ɗebo shi. Samari da yawa sun fito daga ƙauyukan Filato, Binuwai, Kudancin Zariya, Bauchi, Adamawa, Zuru da Barno, suka haɗu da 'yan'uwansu na Kano, Katsina da Sakkwato, da na Yamma da sauran sassa. An ba su horon makonni kaɗan a Zariya da wasu wurare, aka ɗora su a jirgin ƙasa zuwa bakin daga. Wasu an yi musu baftisma watanni kaɗan kafin su tafi. Hausa ce harshen bariki, da ita suka yi addu'a a cikin ramuka.

Mu da muke yara a lokacin, abin da muka riƙe shi ne kukan iyayenmu mata a tashar jirgi, da taruwar manya a gindin rediyo da magariba, da kuma ranar da aka ga baƙon soja ya nufo wani gida da akwatin ƙarfe a kai. Duk unguwa ta san ma'anar wannan akwati.

Idan ka tambayi tsofaffin nan dalilin shigarsu soja, amsarsu ba ɗaya ba ce. Wani zai ce wansa ne ya riga shi. Wani zai ce albashi ne, gama noma bai biya masa sadaki ba. Wani zai ce dagaci ne ya ce kowane gida ya ba da mutum. Wani kuwa zai ce ya ji an ce ƙasa za ta tsage, ya ga ba zai zauna ba. Haka ma ɗan'uwanmu na wancan gefe. Ya ce shi kafinta ne a garin nan, ya tsere a 1966 da rigar jikinsa kawai, da yaƙi ya iso ƙofar gidan uwarsa kuwa bai ga wata hanya ba sai ɗaukar bindiga.

Yadda wutar ta kama

Turawan Ingila sun haɗa Arewa da Kudu a 1914 a ƙarƙashin Lugga. Da aka sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, ƙasar tana da manyan jihohi uku, Arewa, Yamma da Gabas, aka ƙara Tsakiyar Yamma a 1963. Kowace jiha tana da babbar ƙabila da babbar jam'iyya, kowace kuma tana tsoron ɗaya za ta danne ta. An yi rigima a kan ƙidayar jama'a ta 1962 da ta 1963, da zaɓen tarayya na 1964, da zaɓen Jihar Yamma na 1965 wanda ya jawo ƙone-ƙone. A ƙasar Tibi ma an yi tarzoma a 1960 da 1964.

Ran 15 ga Janairu 1966 wasu ƙananan hafsoshi, cikinsu har da Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu da Manjo Emmanuel Ifeajuna, suka yi juyin mulki. Aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Arewa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh. Cikin manyan sojojin da aka kashe akwai Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Mohammed, Laftanar Kanar Abogo Largema, da Laftanar Kanar James Pam, Kirista ɗan ƙabilar Birom. An kashe Birgediya Samuel Ademulegun da Kanar Ralph Shodeinde daga Yamma, da Laftanar Kanar Arthur Unegbe wanda shi Ibo ne. Amma da yake yawancin masu juyin Ibo ne, kuma ba a taɓa shugabannin siyasar Gabas ba, mutanen Arewa suka ɗauki abin a kan makircin ƙabila.

Manjo Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki. Bai gurfanar da masu juyin gaban shari'a ba. Ran 24 ga Mayu 1966 ya kafa doka mai lamba 34 wadda ta rushe tsarin jihohi ta mai da mulki wuri ɗaya. Kafin watan ya ƙare, tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa, ana kiran a raba, aka kashe Ibo da dama. Ran 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi a Badun, tare da hafsoshi da ƙananan sojoji 'yan Gabas masu yawa. Laftanar Kanar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara wanda ya tashi a Wusasa, ya zama shugaban ƙasa yana da shekara 31. Gwamnan Gabas, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, ya ƙi amincewa da shi.

A watannin Satumba da Oktoba 1966 aka yi kisa mafi muni. A Kano, Jos, Kaduna, Zariya, Makurɗi da wasu garuruwa an kashe 'yan Gabas dubbai. Masu tarihi sun sa adadin tsakanin 8,000 da 30,000, fiye da mutum miliyan ɗaya kuma suka gudu zuwa Gabas. A can ma an kashe wasu 'yan Arewa, sauran suka dawo gida.

An nemi sulhu a Aburi ta ƙasar Gana ran 4 da 5 ga Janairu 1967. Shugabannin sun sa hannu, amma da suka dawo kowa ya fassara yarjejeniyar yadda ya gane. Ran 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, shida a Arewa, uku a Gabas. Ran 30 ga Mayu Ojukwu ya yi shelar ƙasar Biyafara. Ran 6 ga Yuli 1967 aka yi harbin farko a Gakem, wajen Ogoja.

Watanni talatin

Gwamnati ta zaci aikin 'yan makonni ne. Runduna ta Ɗaya a ƙarƙashin Mohammed Shuwa ta gangara daga Arewa ta ci Nsukka, ta ci Inugu ran 4 ga Oktoba 1967. A watan Agusta sojojin Biyafara sun haye Kogin Kwara suka mamaye Tsakiyar Yamma har suka kai Ore, kafin Runduna ta Biyu ta Murtala Mohammed ta kore su. Wannan runduna ta yi hasarar mutane da yawa wajen ƙoƙarin haye kogin zuwa Anaca da jiragen ruwa, ta kuma faɗa tarkon Abagana a ƙarshen Maris 1968, inda jerin motocinta ya ƙone ƙurmus. Tsofaffinmu da suka tsira daga can ba sa son a ambaci sunan wurin. Runduna ta Uku ta Benjamin Adekunle ta bi ta teku, ta ci Boni, Kalaba, da Fatakwal a Mayu 1968. Olusegun Obasanjo ya karɓe ta a 1969.

Da aka toshe hanyoyin teku da na ƙasa, yunwa ta shiga. Yara suka kumbura da ciwon tamowa, gashinsu ya yi ja. Ikkilisiyoyin Turai da Amurka suka haɗa hannu suna kai abinci da jiragen sama da dare daga tsibirin Sawo Tome zuwa Uli, inda aka mai da hanyar mota filin sauka. Ingila da Tarayyar Sobiyet sun ba gwamnatin tarayya makamai, Faransa ta taimaki Biyafara a ɓoye. Ƙasashe biyar ne suka amince da Biyafara: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti.

A Janairu 1970 Ojukwu ya tashi zuwa Kwaddibuwa. Mataimakinsa Philip Effiong ya yi shelar ajiye makamai ran 12 ga wata, aka karɓi miƙa wuyar a Barikin Dodan da ke Legas ran 15 ga Janairu. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga 500,000 zuwa miliyan biyu ko fiye, yawancinsu kuwa yunwa da ciwo ne suka kashe su.

Gardamar da muka yi

A zaman kwamiti mun ji ra'ayi huɗu. Mun kawo su nan da abin da tarihi ya nuna a kan kowanne.

Na ɗaya. Wasu dattawa suka ce 15 ga Janairu ce uwar kome, da ba a kashe Sardauna da Ɓalewa da hafsoshinmu ba, da ba a yi yaƙi ba. Gaskiya ne wannan dare ya buɗe ƙofar zub da jini, kuma rashin hukunta masu laifin ya ƙara wa ciwon gishiri. Sai dai tela da kafinta da ma'aikacin reluwe da aka kashe a Sabon Gari ba su san Ifeajuna ba, ba a kuma yi shawara da su ba. Laifin hafsoshi kaɗan ba ya halatta jinin maƙwabci.

Na biyu. 'Yan'uwanmu 'yan asalin Gabas suka ce kisan 1966 ne ya haifi Biyafara, gama mutumin da gwamnatinsa ta kasa tsare ransa ba za a zarge shi don ya nemi mafaka ba. Wannan magana tana da nauyi ƙwarai, kuma wajibi ne mu na Arewa mu saurare ta ba tare da kare kai ba. Amma akwai abin da ya rage. Jihar Gabas ba ta Ibo kaɗai ba ce. Akwai Ijo, Efik, Ibibiyo, Ogoni da wasu, da yawansu kuwa ba su so ɓallewar ba, wasu ma sun sha wuya a hannun sojojin Biyafara bisa zargin zagon ƙasa. Isaac Boro, ɗan Ijo, a gefen tarayya ya yi yaƙi har ya mutu a 1968. Akwai kuma tambayar da ta tsaya a wuyan shugabannin Biyafara: me ya sa aka ci gaba da yaƙin bayan faɗuwar Fatakwal, yara suna mutuwa kullum? Irinta tana wuyan shugabannin tarayya game da toshe hanyar abinci.

Na uku. Matasanmu masu karatu suka ce duk zancen man fetur ne da Turawa. An sami mai a Oloibiri a 1956, yawancin rijiyoyin kuma suna Gabas da Tsakiyar Yamma. Babu shakka mai ya sa kowane gefe ya taurare, ya kuma sa manyan ƙasashe suka tsoma hannu. Amma ba a kan mai aka yi rikicin ƙidaya ba, ba kuma Bature ne ya riƙe adda a 1966 ba. Idan muka jibga wa baƙo dukan laifi, mun hana kanmu tuba.

Na huɗu. Wani ya ce yaƙin addini ne, Musulmi da Kirista. Haka aka yi ta yaɗawa a ƙasashen waje a lokacin. Mu kam mun san ba haka ba ne, domin iyayenmu ne shaida. Shugaban ƙasa Kirista ne, babban ɓangare na sojojin da ke riƙe da bindiga Kirista ne, kuma akwai limaman Kirista da na Musulmi a cikin rundunoni. Abin baƙin ciki ma shi ne, sau da yawa mai bi ne ya harbi mai bi. Wani tsohonmu ya taɓa faɗa mana cewa wata safiyar Lahadi ya ji ana waƙa daga ramin abokan gaba, bai san kalmomin ba, amma muryar waƙar ita ce wadda suke yi a majami'ar ƙauyensu.

Akwai kuma dalili na biyar da ba a cika faɗa ba, wanda ya shafe mu kai tsaye. Ƙananan ƙabilun Arewa sun daɗe suna neman jiharsu, tun zamanin Joseph Tarka da jam'iyyar UMBC. Jihohi 12 na Gowon sun ba su Binuwai-Filato. Saboda haka mutanenmu da yawa sun ga cewa a cikin Nijeriya ɗaya mai jihohi da yawa ne ƙaramar ƙabila za ta sami wurin numfashi. Wannan dalili ne na gaske, ba abin kunya ba ne.

Abin da muka gane shi ne, kowane ɗayan dalilan nan yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma kowa yakan fara ba da labarin daga ranar da aka cuce shi. Ɗan Arewa yakan fara daga Janairu, ɗan Gabas daga Mayu ko Satumba. Mai son gaskiya dole ya karanta kalandar 1966 tun daga farko har ƙarshe.

Abin da ba ma son faɗa

Gaskiya ɗaci gare ta. Gowon ya ba sojoji rubutacciyar ƙa'ida cewa kada a taɓa mata, yara, majami'u da waɗanda suka miƙa wuya, an kuma harbe wasu sojoji da suka karya ta. Tawagar masu sa ido daga ƙasashen waje da ta zo a 1968 ta ce ba ta ga shirin ƙare ƙabilar Ibo ba. Duk da haka an yi mugunta. Ran 7 ga Oktoba 1967, a Asaba, sojojin tarayya sun ware maza daga cikin jama'ar da ta fito yi musu maraba, suka harbe ɗaruruwa. Jiragen yaƙi sun jefa bom a kasuwanni da asibitoci. An ɗauke 'yan mata da ƙarfi.

Ba mu ce iyayenmu na wannan ikkilisiya sun yi waɗannan abubuwa ba. Allah ne ya san abin da kowane hannu ya aikata. Amma mu da muka yi hidimar fasto a tsakaninsu mun zauna a bakin gadon wasunsu a kwanakinsu na ƙarshe. Abin da suka nema a wurinmu a sa'an nan shi ne a yi musu addu'ar gafara, ko ɗaya bai nemi kirari ba. Idan su da kansu ba su ɗauki kansu marasa aibu ba, bai kamata mu sassaƙa a dutse abin da su ba su faɗa ba.

Haka kuma a 1966. A garuruwanmu akwai masu bi da suka ɓoye maƙwabtansu a rumbu da rufin ɗaki, akwai Musulmi da sarakuna da suka yi haka, akwai 'yan mishan a Jos da wasu wurare da suka kwashi mutane zuwa inda za su tsira. Akwai kuma waɗanda ake kira da sunan Almasihu da suka bi taron, ko suka kwashi kayan waɗanda suka gudu. Duka biyun tarihinmu ne.

Abin da Maganar Allah ta nuna mana

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye yaƙe-yaƙen basasar Isra'ila ba. A ƙarshen Littafin Mahukunta, kabilai goma sha ɗaya sun yaƙi Biliyaminu saboda mugun laifi na gaske, sun kuma yi nasara. Amma bayan nasarar sai suka tafi Betel suka zauna suna kuka a gaban Allah har yamma, domin kabila ɗaya ta kusa shuɗewa daga cikinsu. A Littafin Sama'ila na Biyu, Dawuda ya bi makarar Abner yana kuka, ko da yake Abner ne ya shugabanci rundunar da ta yaƙe shi shekaru. A Littafin Tarihi na Biyu sura 28, sojojin Isra'ila sun kwaso kamammu daga Yahuza, sai annabi Oded ya tare su ya tuna musu cewa su ma suna da nasu laifi a gaban Ubangiji. Aka tufatar da kamammun, aka ba su takalma da abinci, aka ɗora raunana a kan jakuna, aka mai da su wurin 'yan'uwansu a Yariko.

Kalmar jubili kanta daga Littafin Firistoci sura 25 muka same ta. Ita ce shekara ta hamsin, sa'ad da ake sakin bayi, kowa kuma ya koma ga gādonsa da danginsa. Ikkilisiyar da ke bikin jubili tana da hakkin tambayar kanta ko akwai wanda ta hana wa wurinsa.

Bayan yaƙi

Da aka gama, Gowon ya yi shelar cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya kuma kafa manufar sulhu, gyara da sake gini. Ba a kafa kotun ramuwa ba. A 1973 aka kafa hidimar ƙasa ta matasa domin 'ya'yan sassa dabam-dabam su san juna. Nzeogwu, wanda ya mutu a bakin daga kusa da Nsukka a Yuli 1967, a Kaduna aka binne shi da girmamawar soja. Shugaba Shehu Shagari ya yafe wa Ojukwu a 1982, ya dawo gida, da ya rasu a 2011 kuma aka yi masa jana'iza da girmamawar soja a 2012. Shi Ojukwu a Zungeru aka haife shi, ya kuma riƙe bataliya ta biyar a Kano. Nzeogwu a Kaduna aka haife shi. Waɗanda muka yaƙa ba baƙi ba ne.

Sulhun bai cika duka ba. Wanda ya yi hulɗa da asusunsa na banki a cikin Biyafara, fam 20 kawai aka ba shi kome yawan ajiyarsa. A Fatakwal an riƙe gidajen Ibo da yawa da sunan dukiyar da aka yasar. A Arewa kuwa da yawa sun dawo sun sami gidajensu, wasu ma maƙwabta sun tara musu kuɗin haya suka miƙa musu. Sojojin da suka dawo da rauni su ma sun sha jiran fansho, wasu har suka mutu ba su ga hakkinsu ba.

A cikin wannan hali aka haifi ikkilisiyarmu. Sojojin da aka sallama da waɗanda ke bariki suka fara taruwa a ƙarƙashin rumfar zana, matansu suna share wurin suna kawo tabarmi. Kafintan nan da ya dawo daga Gabas ya ji waƙar Hausa, harshen da ya girma da shi, ya shigo ya zauna a baya. An san inda ya fito, shi ma ya san inda suka fito. Wani samanja, wanda ya bar ƙafarsa ɗaya a bakin daga, shi ne ya matsa masa wuri. Shekaru da yawa su biyun suna raba Jibin Ubangiji tare, ɗaya da gurasa, ɗaya da ƙoƙo. Ba mu taɓa jin sun daidaita a kan wanda ya jawo yaƙin ba. Sukan yi musu a gindin mangwaro bayan sujada har matansu su zo su kira su cin abinci. Da samanjan ya rasu, kafintan ne ya yi akwatin gawarsa, ya ƙi karɓar ko kwabo.

Shawarar kwamiti

Bayan zama na uku, kwamiti ya tsai da waɗannan abubuwa, majalisar dattawa kuma ta amince:

1. Za a yi allo ɗaya, a sa sunayen dukan iyayen da suka kafa ikkilisiya bisa jerin baƙaƙe, ba muƙami, ba a kuma nuna gefen da mutum ya yi yaƙi.

2. Za a sa sunayen iyayenmu mata tare da na maza, gama su suka riƙe gidaje watanni talatin, wasunsu kuma suka yi renon marayu su kaɗai.

3. Kowace shekara, a Lahadi mafi kusa da 15 ga Janairu, ranar da ƙasa take tunawa da 'yan mazan jiya, za mu yi addu'a domin dukan waɗanda suka mutu sun bari, na kowane gefe, mu kuma karɓi baiko na musamman domin gwauraye da tsofaffin sojojin da suka rage a cikinmu.

4. Ƙungiyar matasa za ta ziyarci tsofaffin da ke da rai, maza da mata, ta rubuta abin da suka gani da bakinsu tun ba su tafi ba.

Kammalawa

'Ya'yanmu, muna jin yadda wasunku suke maganar yaƙi da raba ƙasa da sauƙin baki, kowa yana kare kakansa yana zagin kakan wani. Ku je ku tambayi wanda ya kwana a rami a Abagana, ko uwar da ta binne ɗanta saboda yunwa. Ba mu hana ku bincike da muhawara a kan dalilan yaƙin ba, ku yi, ku karanta abin da kowane gefe ya rubuta. Amma ku yi shi kamar yadda iyayen nan biyu suka yi, waɗanda suka yi musu a gindin mangwaro suka kuma sha daga ƙoƙo ɗaya. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Muna girmama iyayenmu saboda ƙarfin halinsu, da wahalar da suka sha, da bangaskiyar da suka bar mana. Ga 'yar'uwarmu da ta yi tambaya a zaman kwamiti, amsar ikkilisiya ita ce: i, sunan Baba yana kan allon, a layi ɗaya da na 'yan'uwansa.

Allah ya ta'azantar da iyalan dukan waɗanda suka rasa nasu. Allah ya ba ƙasarmu Nijeriya salama, kada ya bar mu mu sake ganin irin wannan rana. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.